Dinarin da Garma Ta Tono

Ina cikin shekarata ta huɗu a shagon tsofaffin kuɗi, a wani siririn titi na tsakiyar Paris, maigidan ya tura ni Lyon. Wata tsohuwar Bafaranshiya ce ta yi waya. Mijinta ya rasu ya bar mata dinaran zinariya goma sha ɗaya na Girkawan dā, tana son a zo a duba a gaya mata ko mene ne a hannunta kafin ta yanke shawarar sayarwa. Maigidan dattijo ne mai fama da ciwon gwiwa, kuma ya san iyayena suna can Minguettes, wata unguwa a gefen Lyon, sai ya ce in je in yi kwana uku, in auna, in ɗauki hotuna, in turo masa.

Aikina a wannan shago shi ne in ɗauki dinari in faɗi inda aka buga shi da kuma lokacin. Mafi yawan kuɗin Girkawa ba su da shekara a jikinsu, sai mutum ya karanta ta daga zanen. A kan duba yadda aka fitar da fuska, yadda aka kwantar da gashi, da kuma wata ƴar alama da masu gidan bugu suke sakawa a gefe, kamar kofi mai kunne biyu, ko mashi mai baki uku, ko zanen aradu. Alamar nan ita ke nuna gidan bugun, wani lokaci har da jami'in da ke kula da shi. Na karanta tarihi a jami'ar Lyon, amma ido a shagon na same shi, don babu ranar da ba na juya tsaba ashirin ko talatin a ƙarƙashin fitila. A shekara ta huɗun nan na riga na san ina da idon. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma na sani.

Na sauka tashar Lyon da rana tsaka, na hau metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na canja zuwa taram, jirgin kan titi, har gida. Inna ta dafa dambu da zogale busasshe da wata ƙawarta ta kawo mata daga Maraɗi. Ita har yau in ƙawayenta sun tambaye ta aikin da nake yi, cewa take ina harkar zinariya a Paris, su kuma sai su ɗauka sarƙa da ƴan kunne nake sayarwa a kasuwar unguwar Barbès, har wasu su aiko a tambaye ni farashin garam. Ta bar su a haka.

Baba kuwa ya san ainihin aikin. Maƙerin zinariya ne tun daga Damagaram, gadon gidansu ne. Da ya zo Faransa ya yi shekaru masu yawa a wata ƴar masana'anta a Lyon inda ake buga lambobin yabo da ƴan abin wuya, har ya ajiye aiki. Bai taɓa hana ni ba, amma bai cika son maganar ba, saboda yawancin kawunan da ke jikin kuɗin nan na gumakan Girkawa ne. Sau ɗaya ya tambaye ni ko ina ajiye su a ɗakin da nake salla. Na ce a'a, a shago suke kwana cikin akwatin ƙarfe. Bai sake tayar da zancen ba.

Washegari da safe na hau tudun Croix-Rousse zuwa gidan tsohuwar. Hawa na huɗu take, babu asansar mai ɗaga mutum sama sai matakala, ɗakin mai dogon rufi irin na tsofaffin masaƙan siliki. Ƴar ƙaramar mace ce mai farin gashi, ta koyar a lakwal, wato makarantar boko, har ta tsufa. Da ta buɗe ƙofa ta gan ni da kallabina ta ɗan tsaya, sannan ta tambaya ko maigidan yana tafe a bayana. Na ce ni kaɗai ce, kuma ni ce mai duba na Girkawa. Ta ba ni hanya, ta haɗa mini kofi, ta ɗauko wani faifan katako mai ramuka da aka shimfiɗe da jan ƙyalle.

Goma daga cikin dinaran ba su ba ni wuya ba. Mijinta a shaguna ya saye su, kowanne da ƴar takardarsa a ƙasa, da rubutunsa mai kyau. Na gyara biyu, don ya rubuta musu garin da ba nasu ba. Na nuna mata dalili a jikin ɗaya: maciji ne aka zana a kan kwalkwalin matar da ke fuskar dinarin, kuma alamar bayan ta wani gari ce na bakin teku. Ta sa tabarau ta duba, ta ce shekara arba'in tana ganin abin nan ba ta taɓa lura da macijin ba.

Na goma sha ɗayan daban yake. Ba sayensa aka yi ba. Ta ce kakan mijinta ne ya tono shi da garma a gonarsa, a wani ƙauye na bakin kogin Saône, arewa da Lyon, kuma shi ne ya jawo mijin nata cikin wannan sha'awa tun yana yaro. Dinari ne na wani sarkin Makidoniya, a arewacin ƙasar Girka, da ya yi mulki fiye da shekara dubu biyu da ɗari uku da suka wuce, uban wanda ya ci ƙasashe har bakin Indiya. A fuska kan saurayi ne da kambin ganye. A baya karusa ce da dawakai biyu a guje, a ƙarƙashin ƙafafunsu alamar aradu, can ƙasa kuma sunan sarkin. Mijin ya rubuta a takardar cewa an buga shi sarkin yana raye.

Na ɗora shi a ma'auni, ya yi garam takwas da rabi da ɗan ɗoriya, daidai nauyin da ya kamata. Na sa madubin ido na duba. Fuskar ta yi kyau, dawakan kuwa har jijiyoyin cinyarsu sun fito. Sai rubutun sunan ne ya ɗan karkace, harafi biyu sun fi sauran kauri, ɗaya ya jingina kamar zai faɗi. A bayan kunnen saurayin kuma akwai wani siririn layi da ya taso, kamar gashi guda ya kwanta a kai.

Na tura wa maigidan hotuna, bai yi awa ɗaya ba ya kira. Ya ce goman sun yi, amma na ƙarshen ba na Girkawa ba ne, kwaikwayon Golawa ne, wato mutanen da suka zauna ƙasar Faransa kafin Rumawa su zo. Maganarsa ba ta banza ba ce. Golawa sun yi wa sarakunan can aikin soja, sun dawo gida da irin wannan dinari, suka yi ta buga nasu suna kwaikwayonsa. Na farko-farkon suna kama da na asali ƙwarai, a rubutu ake kama su, tunda maƙeransu ba su iya karatun Girkanci ba, zana haruffan kawai suke yi. Ya ce ga rubutu a karkace, ga shi a gonar Faransa aka tono shi, kuma na asalin da aka taɓa samu a ƙasar nan ba su da yawa. Ya ce in rubuta haka in wuce.

Na ce masa ban yarda ba. Hannun da ya zana dawakan nan ya san doki kuma ya san aikin gidan bugun Makidoniya. Ya yi dariya ya ce shi ma yana da shekaruna kowane dinari na asali yake gani. Na ce ya ba ni lokaci. Ya ce katalog, littafin da shagon ke jera kayan sayarwa a ciki, zai tafi wurin ɗab'i nan da wata ɗaya, in ban kawo hujja ba maganarsa za a buga.

Da la'asar na koma gida na buɗe hotunan a kwamfuta a kan teburin cin abinci. Baba ya dawo daga masallaci ya wuce ta bayana, sai na ji ya tsaya. Ya ce in ƙara girman wurin rubutun. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce hoto ƙarya yake yi, haske yana ɓoye zurfi, in da zai riƙe abin a hannunsa da ya faɗa mini wani abu. Ban taɓa jin ya nemi ganin ko ɗaya daga cikin kayan aikina ba. Nan take na kira tsohuwar na tambaye ta ko zan iya zuwa da mahaifina, maƙeri ne. Ta ce mu zo da ƙarfe goma.

Ya sa babbar rigarsa mai ruwan toka da kwat a sama, ya ɗauko tsohon madubinsa na aiki wanda ya naɗe a hankici. Matakalar nan ta hawa huɗu sai da muka huta sau biyu. Ya gaishe da tsohuwar gaisuwa irin tamu amma da Faransanci, ya tambayi lafiyarta, ya yi mata ta'aziyyar mijinta, ya tambayi ƴaƴa da jikoki ɗaya bayan ɗaya. Na ga abin ya ba ta mamaki, kuma ya yi mata daɗi. Sannan ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya ɗauki dinarin ta gefe-gefe ya matsa bakin taga.

Fuskar bai daɗe a kanta ba. Ya juya bayan dinarin, ya yi ta karkata shi ga hasken, yana kai shi yana dawo da shi. Can ya kira ni da Hausa.

"Zo ki gani, ƴata. Mutum biyu ne suka yi aikin nan. Wanda ya yi dawakan, shi ya fara rubuta sunan, ga sawunsa nan a ƙasa, siriri. Hatimin da ake buga dinarin da shi ya gaji, rubutun ya fara shafewa, sai wani ya zo daga baya ya bi kai da ƙarfe mai kauri. Gaggawa yake yi."

Na karɓi madubinsa na duba ta inda ya nuna. A gindin harafin da ya jingina akwai inuwar wani harafin, miƙaƙƙe, siriri, wanda na sama ya danne. Jiya na kalli wurin ya fi sau goma, na ɗauka zamewar guduma ce. Baba ya ce shi kansa ya yi irin wannan gyara ba adadi a masana'anta, in hatimi ya cinye kuma ba a son a tsaya a sassaƙa sabo. Ya juya dinarin ya nuna layin bayan kunne, ya ce wannan kuma tsaga ce a jikin hatimin, zinariya ta shiga cikinta, kuma tsaga ba ta komawa, kullum ƙaruwa take.

Tsohuwar ta tambayi abin da yake cewa, na fassara mata. Ta ce to ke nan mijinta ya yi gaskiya. Na ce mata na tabbata na Girkawa ne, amma maganar shekara sai na bincika, kada in faɗa mata abin da zan zo in janye.

A taram muna dawowa na yi wa Baba bayanin yadda zan kafa hujja, shi kuma ya riga ni fahimtar rabinsa. Da hatimi biyu ake buga dinari. Na fuska yana dashe a jikin uwar maƙera, na baya kuma shi ake riƙewa a doka da guduma, don haka ya fi saurin mutuwa. Hatimin fuska ɗaya yakan ga na baya biyu ko uku kafin ya ƙare. In na samu wani dinarin da aka buga da wannan hatimin fuskar, mai wannan tsagar a bayan kunne, kuma an san daga Makidoniya ya fito, magana ta ƙare. Baba ya ce ai kamar neman ɗan'uwan ɗan kunne ne da ya ɓace a kasuwa. Ya tambaya ko guda nawa zan duba. Na ce duk wanda aka taɓa ɗaukar hotonsa.

Na koma Paris na faɗa wa maigidan abin da muka gani. Ya saurara, ya ce maganar gyaran hatimi tana da ma'ana, amma Bagole ma yana iya gyara nasa hatimin. Na ce haka ne, shi ya sa zan nemo ɗan'uwansa. Ya ba ni safiyar kowace rana, in zo shago bayan azahar.

Sati biyu da rabi ina zuwa babban ɗakin karatu, sashen da ake ajiye tsofaffin kuɗi da littattafansu. Akwai manyan littattafai da masana suka jera hotunan dinaran sarkin nan rukuni-rukuni, akwai kuma tsofaffin katalog na gwanjo da suka cika kantoci. Na buga hoton namu daidai girmansa, na yanke shi, ina ɗora shi kusa da kowane kai ina gwadawa. Na ƙirga ganyen kambin, na duba inda silin gashi na uku ya taɓa wuya, na duba tazarar hanci da bakin dinarin. Na fara da masu alamar aradu, tunda ita ce a jikin namu, na bi su kaf ban samu ba. Ranar da na gama su na fito na zauna a wani benci na ci sanwic ɗina, raina a ɗan ɓace. Amma ban yi shakkar dinarin ba. Na san a inda nake nema ne kuskuren yake.

Kuskuren kuwa nawa ne. Na ɗauka, kamar yadda marigayin ya ɗauka, cewa an buga shi sarkin yana raye, don haka a rukunan farko nake ta nema. Alhali sunan sarkin nan ya ci gaba da fita a kan dinari shekaru bayan mutuwarsa, saboda ƴan kasuwa da sojoji sun saba da shi, sun yarda da nauyinsa. Da na sake kallon fuskar da sanyin rai na ga kumatun sun cika, wuyan ya yi kauri, ba irin ƙananan tsukakkun fuskoki na farkon mulkinsa ba. Dawakan ne suka ɗauke mini hankali na ƙi kallon abin da ke gabana. Washegari na koma rukunan baya, na daina bin alama, na bi fuska kawai.

A rana ta huɗu na same shi, a wani tsohon katalog mai hotuna baƙi da fari. Dinari ne da aka tono cikin tulu tare da wasu da yawa a arewacin ƙasar Girka. Kai ɗaya ne, ganye ɗaya, silin gashi ɗaya. Ga tsagar nan a bayan kunne, sai dai gajeriya ce, ta tsaya kafin ta kai gashi, alhali a namu ta ratsa har cikin kambin. A bayansa kuwa ba aradu ba ce, kofi ne mai kunne biyu, na rukunin da masana suka sa a zamanin ɗan sarkin. Ke nan nasu aka fara bugawa, hatimin bayansa ya mutu, aka ɗauko wani tsohon hatimi mai aradu aka gyara rubutunsa aka ci gaba da aiki, tsagar tana ƙaruwa. Namu ya biyo baya, a gidan bugu ɗaya, bayan mutuwar sarkin da sunansa ke jiki.

Na ɗauki hoton shafin na tafi shago a ƙafa. Na jera hotunan biyu a gaban maigidan. Ya sa madubinsa, ya duba wannan ya duba wancan, ya ɗauko ƴar rula ya auna. Ya daɗe. Sannan ya cire madubin ya ce, "Hatimi ɗaya ne. Ke za ki rubuta bayanin, kuma ki sa harafin sunanki a ƙasa." A shagon nan ba a taɓa sa na kowa ba sai nasa. Ya kuma tambaye ni ko mahaifina zai yarda ya duba masa wasu tsaba uku da suka daɗe suna damunsa.

Na kira tsohuwar na gaya mata duka, har da inda mijinta ya kuskure da inda ni ma na kuskure. Ta ce da yana nan da ya yi gardama kwana biyu, a na uku ya sake rubuta takardar da hannunsa. Ta tambaye ni yadda aka yi dinarin ya zo gonar kakansa. Na ce wannan ban sani ba, kuma ba wanda ya sani. Mai yiwuwa wani Bagole ne ya dawo da shi daga yaƙi, mai yiwuwa ta hannun fatake ya biyo kogi. Abin da dinarin ya nuna shi kaɗai zan iya sa hannu a kai.

Goman ta sayar ta hannunmu. Na gonar kuwa ta ce ba zai bar yankin ba, ta ba da shi kyauta ga wani ƙaramin gidan tarihi kusa da ƙauyen, tare da bayanin da na rubuta, shafi biyu da hotuna. Don haka bai ma shiga katalog ɗin da muka yi ta gardama a kai ba. Maigidan ya yi gunaguni, amma shi ya tura bayanin ga wata mujallar masana, aka buga shi a wani ɗan lungu.

Tsaba ukun nan kuwa, sai da na je hutun ƙaramar salla na kai wa Baba su, da izinin maigidan da takardar inshora a jakata. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a teburin cin abinci, Inna tana mita a kawar mata da kayan mutane kafin miya ta zuba a kai. Biyu ya ce bugu ne na gaskiya. Na ukun ya daɗe yana shafa gefensa da babban yatsa, ya ɗora shi a kan farce ya ƙwanƙwasa ya saurara, ya ce wannan zuba shi aka yi a kasko, ba guduma ce ta fitar da shi ba, kuma wanda ya yi shi ya goge bakin da magagari don ya ɓoye haɗin. Na rubuta yadda ya faɗa, na koma da su Paris ranar Litinin. Maigidan ya aika na ukun a gwada ƙarfensa, aka dawo da sakamako, ya cire shi daga cikin kayan sayarwa.